Yadda Ake Gane Yunwa Da Cuta A Jikin Shuka A Gonar Haɗakar Kifi Da Lambu

A manyan biranen ƙasar nan, musamman Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, inda fili ya yi tsada kuma kayan miya ke zuwa daga nesa cikin manyan motoci, ana samun masu ƙaramin jari da ke gwada haɗa kiwon kifi da noman lambu a cikin ruwa ɗaya, a bayan gida ko a saman bene. Masana aikin gona na kiran wannan tsari akwafonik. Ruwan da ya fito daga tankin kifi ɗauke da ƙazanta shi ake turawa zuwa gindin shuke-shuke, su tsotsi abin da suke bukata, sannan ya koma wa kifin a tace. Ba a amfani da ƙasa, ba a zuba takin zamani, ba a kuma malalar da ruwa a kwata kamar yadda masu kiwon tarwaɗa suka saba yi duk bayan 'yan kwanaki.

Dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke sha'awar tsarin a fili yake. Nijeriya ce ta biyu a nahiyar Afirka wajen kiwon kifi, bayan ƙasar Masar, amma duk da haka alƙaluman da Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta bayar a wajajen shekarar 2021 sun nuna cewa ƙasar na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Abincin kifi kuwa shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da mai kiwo ke kashewa, kuma tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar Naira a shekarar 2023 nauyin ya ƙaru. Saboda haka duk hanyar da za ta sa buhun abinci ɗaya ya haifar da kifi, ya kuma haifar da latas da alayyafo da tumatir, abin dubawa ce ga mai lissafi.

Sai dai asarar da aka fi yi a irin wannan gona ba ta faruwa a ranar da aka kafa ta. Tana zuwa ne bayan wata guda ko biyu, lokacin da ganye ya fara rawaya. Mai gona ya ga haka sai ya ɗauka cuta ce, ya nufi shagon masu sayar da kayan noma, a haɗa masa maganin feshi ko a auna masa takin zamani, ya dawo ya yi aiki da shi kamar yadda ake yi a fadama. Washegari sai a tarar da kifi sun juya ciki sama. Garin neman gira an rasa ido, domin kuɗin da ke cikin tankin ya ninka na ganyen sau da yawa.

Gaskiyar al'amarin ita ce, akasarin abin da ake gani kamar cuta a wannan tsari yunwa ce, kuma akasarin yunwar daga yanayin ruwa take tasowa, ba daga rashin abinci a cikinsa ba. Don haka binciken da ya dace yana farawa ne daga ruwa, ya gangara saiwa, sannan a zo kan ganye. Maganar ƙwari da cuta ita ce ta ƙarshe.

Ruwa da mazaunansa na ɓoye

Bayan kifi da shuka, akwai mazauni na uku a gonar wanda ido ba ya gani, wato ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin tsakuwa da bututu da saiwoyi. Kifi na fitar da sinadarin amoniya, galibi ta gaɓar da yake numfashi da ita, kuma amoniya guba ce gare shi. Wani rukuni na ƙwayoyin ke mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan rukuni na biyu ya mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda shi ne takin da shuka ke sha. Sabuwar gona na bukatar makonni 3 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita. Wanda ya cika tanki da kifi ya kuma dasa tumatir a mako na farko, to ganyensa zai yi fari-fari, kifinsa kuma zai sha wahala, ba tare da wata cuta ta shigo ba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a jagorar da ta fitar a shekarar 2014 kan ƙananan gonakin akwafonik, ta ƙayyade ma'aunan da ya kamata mai gona ya riƙe. Amoniya da naitirait kowanne kada ya kai miligiram 1 a lita. Naitiret ya kasance tsakanin miligiram 5 zuwa 150 a lita. Iskar oksijin da ke narke a ruwa ta haura miligiram 5 a lita, zafin ruwa kuma ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 30 a ma'aunin santigiret. Ana samun kayan gwajin waɗannan abubuwa a wajen masu sayar da kayan kiwon kifi, kuma kuɗinsu bai kai asarar tanki guda ba.

Amma ma'aunin da ya fi kowanne tasiri a kan launin ganye shi ne na tsamin ruwa, wanda ake rubutawa da haruffan pH. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata ga yanayin kanwa ko toka. Matsalar ita ce mazauna ukun ba su da ra'ayi ɗaya. Shuka ta fi son 5.5 zuwa 6.5, ƙwayoyin bakteriya sun fi ƙwazo daga 7 zuwa 8, kifi kuwa yana iya zama a tsakanin 6.5 zuwa 8.5. Sulhun da aka cim ma shi ne a riƙe ruwan tsakanin 6 da 7. Idan ya haura 7.5, sinadarin ƙarfe da fosforas da manganis sukan daskare su zama abin da saiwa ba ta iya tsotsa, ko da kuwa suna nan jibge a ruwan. Shukar sai ta zama kamar mai kuɗi a banki ranar da aka rufe ƙofa. Idan kuma ya faɗi ƙasa da 6, ƙwayoyin bakteriya kan yi sanyin jiki, amoniya ta fara taruwa.

A ƙasar nan akwai abubuwa guda uku da ke yawan ɗaga ma'aunin ba tare da mai gona ya sani ba. Na farko tankin siminti sabo, wanda ke ci gaba da sakin farar ƙasa a cikin ruwa na tsawon makonni in ba a jiƙa shi an wanke sosai ko an shafe shi ba. Na biyu tsakuwar da aka zuba a kwamin shuka, in ta kasance daga dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a ɗiga ruwan binega a kan 'yan tsakuwa, in suka yi kumfa suna ƙara, to ba su dace ba, kuma babu maganin da zai daidaita ruwan muddin suna ciki. Na uku shi ne ruwan rijiya mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Akasin haka ake samu a sassa da dama na Legas da yankin Neja-Delta, inda ruwan rijiyar burtsatse ke fitowa da tsami tun daga ƙasa, a wasu unguwannin bakin teku kuma har da gishiri. Ruwan famfo na hukuma, inda ake samunsa, yana ɗauke da sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin bakteriya, don haka ana ajiye shi a buɗe ana busa masa iska na kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba.

A gonar da ta kankama, ma'aunin kan riƙa sauka da kansa mako bayan mako. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan dalilinsa sananne ne: aikin da ƙwayoyin bakteriya ke yi na sarrafa amoniya shi ke haifar da tsamin. Saukarsa a hankali alama ce ta cewa gonar na aiki. A Jami'ar Tsibiran Bajin da ke yankin Karebiyan, inda Dokta James Rakocy da abokan aikinsa suka shafe shekaru tun daga farkon shekarun 1980 suna gyara wannan tsari da kifin karfasa, an mayar da wannan matsala ta zama dama. Maimakon a ɗaga ma'aunin da kowane irin sinadari, sai ake karɓa-karɓa tsakanin mai ɗauke da kalsiyam da mai ɗauke da fotasiyam, ta yadda gyara ɗaya ke biyan bukata biyu. A gonar gida ana iya daka ɓawon ƙwai ko ɓawon dodon-koɗi ko na kawa, a ƙulle a jakar raga a rataya a inda ruwa ke gudu, a cire ta idan ma'aunin ya kai 7.

A nan akwai wani tarko da ya keɓanta da kasuwanninmu. Kanwa, wadda a kasuwannin kudu ake kira fotash, sunan ne kawai ya yi kama da fotasiyam. Akasarin abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri, wanda shuka ba ta bukata, kuma tun da ba a zubar da ruwan gonar, taruwa zai yi ta yi har ya ƙone bakin ganye. Haka nan bakin-soda na masu burodi. Tokar itace kuwa tana da fotasiyam da kalsiyam na gaskiya, amma tana da ƙarfi, cokali kaɗan na iya ɗaga ma'aunin fiye da yadda ake so. Ko da wane abu za a yi gyaran, ana narkar da shi a bokiti, a zuba kaɗan-kaɗan, kada canjin ya wuce ɗigo 0.2 zuwa 0.3 a rana, domin kifi ya fi jure ruwa mara daidaito da ya saba da shi a kan canji na farat ɗaya. Wajen saukar da ma'auni kuma, ruwan sama da aka tara a tanki mai tsabta ya fi lemon tsami ko binega, waɗanda tasirinsu ba ya daɗewa.

Bayan gwajin ruwa sai a ɗaga shuka guda a dubi saiwarta. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi, ba ta wari. Idan ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, fatarta na saluɓewa in an ja ta da yatsa, to ruɓewar saiwa ce, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Fitiyam ke haddasawa a ruwa mai ɗumi da ƙarancin iska. Shukar da saiwarta ta ruɓe tana nuna alamun yunwa iri-iri a lokaci guda, tana kuma yin yaushi da rana alhali tana tsaye cikin ruwa. Duk abin da aka ƙara wa ruwan a wannan hali asarar kuɗi ce, tun da bakin da zai sha ya lalace.

Dangane da wannan, ya kamata masu kiwon tarwaɗa su lura da wani abu. Tarwaɗa na da wata gaɓa ta musamman da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take rayuwa a kwatami da taɓo inda karfasa za ta mutu cikin sa'o'i. Wannan juriya da ta sa ta zama kifin kasuwa a Nijeriya ita ce kuma ke ɓoye matsala a gonar haɗaka. Wutar lantarki ta ɗauke tsawon dare, injin busa iska ya tsaya, da safe mai gona ya leƙa tanki ya ga kifi na motsi, sai hankalinsa ya kwanta. Amma saiwa da ƙwayoyin bakteriya ba su da wannan gaɓa. Sakamakon daren sai bayan kwana huɗu ko biyar zai bayyana a ganye, lokacin da an manta da ɗaukewar wutar. Zafi na ƙara dagula lamarin, domin ruwa mai digiri 20 na iya riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5 kawai, ga shi kuma a cikin zafi kifi da ƙwayoyin sun fi cinye iskar. Baƙin tankin roba da aka ajiye a saman bene cikin rana a watan Maris ko Afirilu yakan wuce wannan zafi. Rumfa a kan tankin, da ƙaramin injin iska mai aiki da batir ko hasken rana, da kwashe kashin kifin da ke taruwa a ƙasan kwami, sun fi kowane magani amfani a nan.

Karatun ganye

Idan ruwa na kan ma'auni, saiwa kuma fara ce, to lokacin karanta ganye ya yi. Tambaya ta farko ita ce: a ina alamar ta fara, a tsofaffin ganyaye na ƙasa ko a sababbi na sama? Wasu sinadarai, wato naitirojin da fosforas da fotasiyam da maganiziyam, shuka na iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan sun yi ƙaranci, don haka tsohon ne ke fara nuna wahala. Ƙarfe da kalsiyam kuwa inda suka shiga nan suke zama, saboda haka ƙarancinsu a sabon toho yake bayyana. Wannan rarrabewa kaɗai ta isa ta rage rabin ruɗanin.

Tsohon ganye da ya koɗe gaba ɗaya, har da jijiyoyinsa, tare da tsumburewar shuka, alamar ƙarancin naitirojin ce. A gonar akwafonik wannan magana ce ta lissafi, domin abincin kifi shi ne takin gonar. Jagorar 2014 da aka ambata ta ƙiyasta cewa kowace murabba'in mita ta ganyaye kamar latas ko alayyafo na bukatar a ciyar da kifi giram 40 zuwa 50 a rana, ta masu 'ya'ya kamar tumatir da kokwamba da tattasai kuma giram 50 zuwa 80. A ɗauki misalin tanki mai lita 1,000 da kifi mai nauyin kilo 20, wanda shi ne iyakar da aka shawarta ga ƙaramar gona. In ana ba su kashi 1 cikin 100 na nauyinsu, giram 200 ke nan a rana. Wannan zai riƙe murabba'in mita 4 zuwa 5 na ganye, ko 2 da rabi zuwa 4 na tumatir. Wanda ya shimfiɗa mita 10 a kan wannan tanki yunwa ya gayyato. Haka nan wanda ya rage abinci saboda tsadar buhu, ko ya kwashe kifinsa gaba ɗaya ya sayar a kasuwar Sallah ko ta Kirsimeti ya bar tumatir na tsakiyar fure. Shi ya sa ake ajiye kifi masu shekaru daban-daban, a riƙa kwasa rukuni-rukuni. Yawan naitirojin ma yana da tasa illar: tumatir ya yi ganye shar, ya ƙi ɗaukar 'ya'ya, ƙwarin darɓa kuma su yi masa dafifi.

Idan tsohon ganye ya ƙone daga gefe kamar an hasa masa wuta, fure na zubewa, 'ya'yan kuma ƙanana marasa ɗanɗano, fotasiyam ne ya gaza. Idan kuma tsohon ganyen ya yi rawaya a tsakanin jijiyoyi amma jijiyoyin suka kasance kore, maganiziyam ne, kuma feshin gishirin Epsom da ake samu a kantin magani, kimanin giram 10 a lita, a kan ganye da yamma, yana wadatarwa. Ganye mai duhun kore da ya karkata zuwa shunayya na nuna ƙarancin fosforas. Ba kasafai ake ganinsa ba, sai a ruwa mai sanyi kamar na Jos lokacin hunturu ko inda ma'aunin tsami ya haura.

Alamar da ta fi kowace yawa a wannan tsari ita ce ta ƙarfe: sabon ganye na sama ya fito rawaya, jijiyoyinsa kore kamar an zana raga, in abin ya tsananta ya zama fari fat. Dalilin yawanta shi ne an haɗa abincin kifi ne domin kifi, ba domin shuka ba, kuma ƙarfe da fotasiyam da kalsiyam da ke cikinsa ba sa isar lambu. Jefa tsatsattsun ƙusoshi a ruwa, kamar yadda wasu ke yi, ba ya magance komai, domin tsatsa ba ta narkewa ta yadda saiwa za ta sha. Abin da ake amfani da shi shi ne garin ƙarfe da aka ɗaure da wani sinadari mai hana shi daskarewa, kuma iri uku ne a kasuwa. Mai alamar EDTA, wanda ya fi araha, yana daina aiki da zarar ma'auni ya haura 6.5 ko kusa da haka. Mai alamar DTPA na riƙewa har wajen 7.5, kuma shi ya fi dacewa da yawancin gonaki. Mai alamar EDDHA na aiki ko a ruwa mai nauyi, sai dai yana rina ruwan ja, yana kuma da tsada. Sayen mai arahar ga mai ruwa 7.4 jefa kuɗi ne a rijiya.

Adadin da aka saba amfani da shi a jami'ar da aka ambata shi ne miligiram 2 na ƙarfe a kowace lita duk mako uku. A lita 1,000 giram 2 ke nan na tsantsar ƙarfe. In takardar jikin leda ta nuna garin na ɗauke da kashi 11 cikin 100, za a auna kimanin giram 18, in kashi 6 ne kimanin giram 33. A nan ana lissafa dukan ruwan gonar ne, ba na tankin kifi kaɗai ba. Sakamakon yana bayyana a ganyen da zai fito bayan mako guda ko fiye, ganyen da ya riga ya ƙone kuwa ba ya dawowa, kuma rashin sanin haka ne ke sa wasu su ninka adadin ba gaira ba dalili.

Kalsiyam na da nasa halin. Alamarsa ita ce ƙonewar bakin sababbin ganyayen latas da kabeji, da baƙin tabo mai lotsawa a gindin tumatir da tattasai, wanda da yawa ke ɗauka ruɓa ce ta cuta. Sau da yawa sinadarin yana cikin ruwan, hanyar kai shi ce ta toshe. Kalsiyam na hawa jikin shuka ne tare da ruwan da ganye ke fitarwa a matsayin gumi. A damina a garuruwan bakin teku, inda iska ke cike da laima kuma gonar na lungun da iska ba ta kaɗawa, gumin kan ragu, sai sabon toho ya rasa rabonsa. Rage cunkoso da buɗe wa iska hanya na iya gyara abin da ƙarin sinadari ya kasa. Yawan fotasiyam ma na hana shan kalsiyam da maganiziyam, wanda ya sa ba a gyara abu biyu a rana ɗaya. A canza abu guda, a jira mako, a duba sabon ganye.

Inda cuta ce da gaske

Yunwa tana da tsari. Tana kama shuke-shuke iri ɗaya a lokaci ɗaya, a ganyaye masu shekaru ɗaya, kuma ɓangaren dama na ganyen ya yi daidai da na hagu. Cuta ba ta da wannan ladabi. Takan fara daga shuka guda ko kusurwa guda ta bazu, tabonta ba ya bin jijiya, yakan zo da zobe-zobe, ko da'irar rawaya kewaye da baƙi, ko fumfuna. Farar hoda kamar an barbaɗa gari a ganyen kokwamba da kuɓewa fumfuna ce. Tabo mai zobe cikin zobe a ƙananan ganyayen tumatir ma cutar fumfuna ce, kuma cire ganyen da hana ruwa fantsama a kansu na rage ta.

Tumatir ko tattasai da ya yanƙwane farat ɗaya yana kore shar, saiwarsa kuma ba ta ruɓe ba, abin tsoro ne, domin yana iya zama yaushin bakteriya, wanda ya yi ƙaurin suna a ƙasashe masu zafi da laima. A yanke karan kusa da gindi, a rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garai, kada a motsa. In bayan 'yan mintoci aka ga wani farin zare kamar madara na gangarowa daga karan, to ita ce. Ba ta da magani, kuma tana tafiya cikin ruwa, don haka a tuge shukar da saiwarta a fitar da ita daga gidan nan take. Irin wannan cuta galibi da dashe take shigowa, wato ƙananan shuke-shuken da aka sayo da ƙasa a jikin saiwarsu. Raino daga iri a cikin ɓawon kwakwa da aka wanke ko makamancinsa ya fi aminci.

Cutar da aka fi rikita ta da ƙarancin ƙarfe ita ce ta bairos mai nannaɗe ganyen tumatir, domin ita ma a sama take bayyana da rawaya. Bambancin shi ne ganyen na ƙanƙancewa ya lanƙwashe sama kamar cokali, shukar ta tsaya cak, kuma in an girgiza ta sai ƙananan fararen ƙudaje su tashi, waɗanda su ne ke yaɗa ta. Ita ma tugewa ce maganinta. Jan gizo-gizo ƙarami, wanda ke yawaita a busasshen yanayi, yana barin ɗige-ɗigen fari a saman ganye da siririyar yana a ƙasansa, shi ya sa ake juya ganye a duba bayansa kafin a yanke hukunci. Fararen hanyoyi ko faci mai sheƙi a cikin naman ganyen tumatir kuwa aikin tsutsar Tuta absoluta ne, wadda manoman arewa suka laƙaba wa suna sharon. Ita ce ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna da maƙwabtansu a shekarar 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashin kwando kuma ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar Mile 12 ta Legas. Kwandunan da ke zuwa daga gona na iya ɗauko ta, don haka ɗan kasuwar da ke harkar gwari kada ya ajiye su kusa da lambunsa.

Ko da an tabbatar ƙwaro ne, magungunan feshin da aka saba da su ba su da wuri a nan. Masu ɗauke da sinadarin saifametirin da danginsa na kashe kifi da ɗan abin da bai kai a gani ba. Haka ota-fiya-fiya, haka magungunan fumfuna masu tagulla. Duk wanda ya san ɓarnar da masu zuba gamalin suka yi a kogunan ƙasar nan ba ya bukatar dogon bayani. Abin da ya rage shi ne gidan sauro mai ƙananan ido kewaye da lambun, da tarkon takarda rawaya mai danƙo, da tsince tsutsa da hannu, da wanke darɓa da ruwa. Maganin tsutsa na ƙwayar Bt ba ya cutar da kifi. Man darbejiya da ruwan sabulu na aiki, amma su ma ba a barin su su ɗiga a ruwa: a rufe kwamin da leda, ko a ciro shukar a fesa ta a waje, ta bushe, sannan a mayar.

Haɗarin na bin ɗaya hanyar ma. Masu kiwon tarwaɗa sun saba zuba gishiri ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a tanki idan kifi ya yi rauni. A gonar haɗaka gishirin zai ƙone latas da kokwamba, maganin kuma zai kashe ƙwayoyin bakteriyar da gonar ta dogara a kansu, a koma jiran wasu makonni. Kifin da bai da lafiya a baho na dabam ake jinyarsa.

Idan an bi duk waɗannan matakai abin bai bayyana ba, akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabuwar Busa a Jihar Neja, da malaman gona na shirin bunƙasa aikin gona na kowace jiha, da sassan nazarin tsirrai na jami'o'i. Ana kai musu shuka sukutum da saiwarta, wadda cutar ta fara kamawa ba wadda ta riga ta mutu ba, a naɗe cikin takarda maimakon leda don kada ta ruɓe a hanya. A haɗa da ruwan gonar a kwalba mai tsabta, da littafin da aka riƙa rubuta ma'aunin tsami da amoniya da naitiret, da nauyin abincin da aka bayar kullum, da ranakun da wuta ta ɗauke, na aƙalla makonni biyu da suka gabata.